Kafin Ku Haɗa wa Baba Askirim

Ƙannena da 'ya'yana, maza da mata,

Zafin Maris da Afrilu a Bauchi ba sai an ba ku labarinsa ba. Rana takan kai wajen digiri 40, kowa idonsa na kan abu mai sanyi, a lokacin ne kuma kasuwar masu firiza take buɗewa. Daga Gwallameji da Yelwa, inda ɗalibai suka yi yawa, har cikin gari wajen Jahun da Nasarawa, za ka tarar da budurwa ko saurayin da ya mayar da firizar gida jari. Zoɓo ne, kunun aya ne, lamurje ne, yanzu kuma har da askirim na gida a 'yan kofuna masu murfi, ana tallarsa a WhatsApp. Wannan abin a yaba ne, kuma na yaba. Mai neman na kansa ya fi mai jiran a ba shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wasu kalmomi ne da nake yawan gani a ƙarƙashin hoton askirim ɗin cakulan: babu suga, masu ciwon suga ma za su iya sha. Wani lokacin gaskiya ne. Sau da yawa kuwa wanda ya rubuta bai yi niyyar ƙarya ba, bai dai san abin da ya zuba ba.

Ku dubi wanda zai gaskata ku. Da wuya a sami zuri'a a garin nan da ba ta da mai wannan ciwo: Baba, ko Goggo, ko Baffa, ko Inna da ke zuwa asibitin koyarwa da ɗan littafin da take rubuta sakamakon gwaji. Wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar nan, ya nuna kusan mutum 6 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ɗauke da shi, kuma yankinmu na arewa maso gabas bai gaza haka ba. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu shi a Afirka ba su ma san suna da shi ba.

Wanda ya sani kuwa an riga an raba shi da abubuwa da yawa. An ce ya bar lemon kwalba, ya sha shayinsa lami, ya rage tuwo, masar nan tamu da baƙi ke tambaya tun kafin su sauke jaka ya ci biyu ya tsame hannu. Ranar Sallah ana ta wucewa da faranti ta gabansa, jikoki na lasar cokali, shi an ajiye masa ruwa da yankan kokwamba. Ba ya magana, amma yana gani. Irin wannan mutumin idan 'yarsa ta durƙusa ta miƙa masa kofi ta ce, “Baba, wannan naka ne, babu suga a ciki,” ba zai tambayi komai ba. Albarka zai sa mata ya shanye. Amana ce ya ba ta, kuma riƙe ta yana bukatar sani, ba kyakkyawar niyya kaɗai ba.

Mu fara da inda aka fi zamewa, wato dabino da zuma. Na san akwai wanda zai ɓata rai. Dabino abinci ne mai albarka, da shi muke buɗe baki, zuma kuma ba Musulmin da ke musun amfaninta. Ban ja da ko ɗaya ba. Amma a cikin gram 100 na busasshen dabino akwai fiye da gram 60 na suga, a zuma kuwa wajen gram 80. Jini ba ya tambayar daga ina suga ya fito, daga rake ne, daga saƙar zuma ne, ko daga bishiyar dabino. Ƙwaya ɗaya ko biyu da likita ya yarje wa Baba lokacin shan ruwa daban, cikin kofi da aka jiƙa aka markaɗa aka juye a madara daban. Wanda ya yi haka zai iya cewa bai zuba farin suga ba, wannan gaskiya ne. Ba shi da ikon cewa mai ciwon suga ya sha hankali kwance.

Sauran tarkon ba su da wuyar ganewa in an nuna muku. Madarar gwangwani mai kaurin nan da ake lakata da cokali, fiye da rabin nauyinta suga ne. Madarar gari ko ba a ƙara mata komai ba tana ɗauke da nata na halitta, kusan gram 38 a cikin 100. Milo da Bournvita abin sha ne da aka haɗa da suga da tsiron hatsi da madara, kokon cakulan wani ɓangare ne kawai a cikinsu. Garin kirim da masu kek ke saye su kaɗa da ruwan sanyi ya kumbura, yawancinsa da suga ko gulukos aka haɗa shi. Ayaba da aya, duk da amfaninsu, cike suke da suga da sitaci. Ku koyi juya gwangwani da kwali ku karanta bayansa. Ƙa'ida ce a jera kayan haɗi daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta, saboda haka in kun ga suga, ko gulukos, ko maltodestirin a sahun farko, ku mayar da abin kan kanta. Da Turanci ake rubuta su, amma duk mai karanta boko zai gane su da ya furta.

To in an cire duk waɗannan, me ya rage? Duk wanda ya taɓa gwadawa ya san abin da ke faruwa. Ka haɗa madara da koko da ɗigon abin zaƙi ka sa a firiza, da safe ka ciro abu ya daskare kamar bulon siminti, cokali na lanƙwashewa a kai, in ka samu ka ɓantaro kuma ka ji tsakuwar ƙanƙara tana ƙaras-ƙaras a haƙori. Dalili shi ne aikin suga ya wuce zaƙi. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0. In an narkar da suga a cikinsa sai sanyi ya yi ƙasa da haka kafin ya kama, kuma ko a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili akwai wani ɓangaren ruwan da ba ya daskarewa. Wannan ɗan ruwan da ya maƙale tsakanin ƙwayoyin ƙanƙara shi ne laushin da cokali ke nutsewa a ciki. Ga shi kuma suga yakan kai kashi 15 cikin 100 na nauyin askirim ɗin shago. Ka cire shi, ruwa ya maye gurbinsa, ruwa kuwa ƙanƙara zai zama. Saboda haka abin nema shi ne duk abin da zai hana ƙwayoyin ƙanƙara girma. Maiƙo yana hanawa, gwaiduwar ƙwai tana hanawa, haka iskar da burgawa ke shigarwa, haka saurin daskarewa, domin abin da ya daskare da sauri ƙwayoyinsa ƙanana ne, harshe ba ya jin su.

Sai sayayya. Garin koko na cakulan, zalla, shi ake so, kuma wajen masu sayar da kayan kek za ku nema, a Wunti ko a manyan kantuna. Gwajinsa mai sauƙi ne: ku ɗanɗana da yatsa. Na gaskiya ɗaci gare shi. In kun ji zaƙi, an haɗa shi. Kada ɗacin ya ba ku tsoro, asalinsa ke nan. Mutanen Maya da Aztek na nahiyar Amurka, waɗanda suka daɗe da sanin darajarsa, da ɗacinsa suke sha, har da barkono. Garin da muke amfani da shi yau ya samo asali ne a 1828, lokacin da iyalan Van Houten na ƙasar Holan suka fito da matsewar da ke raba man koko da ƙullinsa. Kuma ba baƙon ƙasarmu ba ne. Ana noma shi a Ondo da Osun da Ikom ta Kuros Riba, kuma zamanin da Kano ke tinƙaho da dalar gyaɗa, Ibadan da kuɗin koko ta gina dogon benen nan da aka kammala a 1965. Abin takaici, mu noma, a kai waje, a dawo mana da shi a gwangwani da tsadar da ta fi ƙarfin wanda ya noma. Tsadar ta ƙaru a 2024, shekarar da tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya bayan amfanin gona ya gaza a Ghana da Kwaddebuwa, ƙasashe biyun da ke samar da wajen rabin kokon duniya. Sa'ar da aka yi, kaɗan ake bukata. Babban cokali biyar ya isa rabin lita.

Maiƙon kuma, girke-girken Turawa da kuke gani a waya duk da ɗanyen kirim na madarar shanu suke yi, mai kashi 35 cikin 100 na mai. In kun same shi a kwali, wanda ba a sa wa suga ba, kuma aljihu ya ɗauka, madalla. Ni dai kwakwa nake ba ku shawara. Tana nan a Muda Lawal da Wunti kowane lokaci, sitacinta kaɗan ne, kuma ƙamshinta yana tafiya da na koko. Ku zaɓi manya biyu da suka ƙosa, masu nauyi, waɗanda in an girgiza ake jin ruwa. Ruwan cikin ku shanye abinku, yana da ɗan suga, ba ya cikin wannan haɗi. Ku ɓanɓare naman, ku goga ko ku yanka ƙanana ku markaɗa a bilenda da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabi, ku juye a ƙyalle mai tsabta ku matse iya ƙarfinku. Tatar farko mai kaurin nan ita ake so, wajen rabin lita. Wanda ya fi son ɗanɗanon madarar shanu zai iya maye kashi ɗaya cikin uku da ita, amma da sharaɗi biyu. Ya sani kowane 100ml na ɗauke da kusan gram 5 na suga. Ya kuma tafasa ta in daga ruga ta zo, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar nan da ke sa su ɓari, kuma sanyin firiza ba ya kashe su.

Abin zaƙi shi ne inda na fi so ku buɗe ido, domin nan ne talla ta fi yawa. Sakarin kun san shi, tun 1879 aka gano shi, kuma wasu masu zoɓo da kunu suna jefa shi don rage kuɗin suga. Ya ninka suga zaƙi sau ɗaruruwa, yana kuma barin wani ɗaci a maƙogwaro. Sitibiya daga ganyen wani tsiro na ƙasar Paraguwai ake samo ta, ta ninka suga zaƙi sau 200 zuwa 300, ita ma in ta yi yawa ɗaci take komawa, ga koko da nasa ɗacin. Sukuralos ya fi su duka, wajen sau 600. Waɗannan ukun zaƙi kawai suke bayarwa, ba sa tausasa komai, kuma na cikin 'yan ƙananan takardu sau da yawa da maltodestirin ake cika su don su yi auki, shi kuwa yana ɗaga sugan jini da sauri. Na ɗigo ko na ƙwaya ya fi. Akwai kuma biyu da suke zuwa a gari, ana auna su da cokali. Eritiritol yana da kusan kashi 70 cikin 100 na zaƙin suga, amma in ya ji sanyi yakan koma tsakuwa ya ƙara wa askirim tauri. Alulos zaƙinsa ɗaya da na eritiritol, sai dai shi yana hana daskarewa yadda suga ke yi, jiki kuma ba ya ƙona shi sai ɗan kaɗan. In don laushi ne, shi ne gwani. Tsada gare shi, galibi sai an yi oda daga Legas ko Abuja, kuma shi da eritiritol duk suna kumbura ciki su sa gudawa in an zarce.

Kada ku ɗauka waɗannan abubuwa wanke hannu ka taɓa ne. A watan Fabrairun 2023 masu bincike a asibitin Cleveland Clinic na Amurka suka wallafa cewa mutanen da ke da eritiritol da yawa a jininsu sun fi fuskantar gudajin jini da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Alaƙa suka gani, ana kuma ci gaba da bincike, amma tunda mai ciwon suga dama zuciyarsa a cikin haɗari take, ni ba zan zaɓa wa Baba shi ba alhali akwai wani. A watan Mayun shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da masu zaƙin nan marasa suga don rage ƙiba, domin ba su nuna amfani mai ɗorewa ba. Ta cire waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga daga wannan shawara. Abin da na fahimta shi ne, ga Baba ɗan kaɗan lokaci-lokaci ya fi masa suga. Ga ku masu lafiya kuwa, musanya wani zaƙi da wani ba dabara ba ce, rage son zaƙin ita ce dabara.

Wani abu kuma da za ku ci karo da shi a girkin waje: sukan ce a zuba cokali ɗaya ko biyu na giya don hana tauri. Wannan ba namu ba ne. Ruwan banila na ainihi ma da barasa ake jiƙa shi, a Amurka doka ta sa ya kai kashi 35 cikin 100, don haka ku duba kwalbar ko ku nemi na gari. Wasu sukan ce a sa jelatin, wanda sau da yawa daga fatar alade ake yin sa in ba an rubuta halal ba. Ba ku bukatar ko ɗaya. Rabin fiya nunanniya, irin wadda ake kawo mana daga Jos, tana ba da santsi, koko kuma yana rufe launinta da ɗanɗanonta. Babban cokali ɗaya na gilisarin na abinci ma yana taimakawa, amma na abinci na ce, ba na shafawa a jiki ba.

Ga yadda ake yi. Ku zuba madarar kwakwa rabin lita a tukunya mai kaurin gindi, ku sa garin koko babban cokali biyar da ɗan gishiri a tsinin yatsu. Gishirin yana danne ɗaci ya fito da zaƙi, saboda haka kada ku tsallake shi. Mai so ya jefa ɗan kirfa ko busasshiyar citta. Ku ɗora a wuta marar ƙarfi kuna juyawa da maburgi har kokon ya narke, tururi ya fara tashi, ƙamshin ya cika madafa. A wani kwano ku kaɗa gwaiduwar ƙwai huɗu da abin zaƙin. In alulos ne, wajen rabin kofi. In na ɗigo ne, ku bi lissafin da ke jikin kwalbar ku fara da ƙasa da abin da ta ce. Yanzu sai natsuwa. Ku ɗebi ludayi ɗaya na madarar mai zafi ku tsiyaya a kan gwaiduwar sannu a hankali, ɗaya hannun na kaɗawa, ku ƙara ludayi na biyu, sannan ku juye duka a tukunya. In kuka juye ƙwan kai tsaye cikin zafi, wainar ƙwai mai cakulan za ku samu. Ku ci gaba da juyawa da cokalin katako, kuna kai shi har gindin tukunya da kusurwoyinta, kada ku bari ya tafasa. Ana so ya kai wajen digiri 80, zafin da ke kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ɗanyen ƙwai, amma ba sai kuna da ma'auni ba. Ku ɗaga cokalin ku ja yatsa a bayansa. In layin ya tsaya fes, gefe da gefe bai gangaro ya rufe shi ba, ya yi. Ku sauke nan take, ku tace da rariya, ku tsoma gindin kwanon a baho mai ruwan sanyi kuna juyawa har ya huce.

Sai ya huce za ku markaɗa fiyar a ciki, domin zafi yana sa ta ɗaci. A nan ne kuma za ku ɗanɗana ku gyara. Sanyi yana rage jin zaƙi a harshe, don haka ya ɗan fi yadda kuke so kaɗan. Yadda kuke so na ce, amma ku tuna harshenku ya saba da lemo. Wanda ya yi shekara bai sha suga ba, abin da kuka ji lami shi zai ji ya isa. Ku sa a firij ya yi sanyi sosai, sannan ku juye a faffaɗan kwanon silba marar zurfi, wanda sanyi zai ratsa da wuri, ku kai firiza. Bayan minti 30 ko 40 gefen zai fara kamawa. Ku ciro ku kankaro shi zuwa tsakiya da cokali mai yatsu, ku burga da ƙarfi, ku mayar. Haka za ku yi ta yi har wajen awa uku, sai ya yi kaurin da cokali zai tsaya a ciki.

Na ji wani yana cewa, da wace wutar? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ta girmi firiza. A 1843 wata mata mai suna Nancy Johnson a birnin Filadelfiya ta yi rajistar injin askirim na hannu, bokiti ne da gwangwani a tsakiya da mariƙin juyawa, ƙanƙara da gishiri ke yin sauran aikin. Gishiri yana tilasta wa ƙanƙara narkewa, narkewar kuma tana zuƙe zafin duk abin da ke kusa, har ruwan ya iya kai wajen digiri 20 ƙasa da sifili. Ku sayi ƙanƙara a unguwa, ku sa a buhu ku farfasa da taɓarya. Ku zuba a kula ko bokiti mai murfi, gwangwani ɗaya na gishiri ga kowane huɗu ko biyar na ƙanƙara. Haɗinku, wanda ya riga ya huce, ku raba shi biyu ko uku ku ɗaure a leda mai kauri, ku fitar da iska, ku sake sawa a wata ledar, domin ɗigon ruwan gishiri ɗaya ya isa ya ɓata muku aiki. Ku binne a cikin ƙanƙarar, ku rufe, ku yi ta girgizawa da mirginawa minti 15 zuwa 20. Aikin ƙanne ne wannan, za su yi shi suna dariya, amma ku naɗa musu tawul a hannu, sanyin yana ƙona fata. Kafin ku kwance ledar ku ɗauraye bakinta da ruwa. A ganina wanda aka yi ta wannan hanya ya fi na firiza laushi, saboda ya daskare da sauri yana motsi, kuma a take ake shanye shi.

Shanyewa a take ɗin ma ita ta fi dacewa da halin da muke ciki. Abin da aka yi da ƙwai da madara, in wuta ta ɗauke ya narke ya kwana, kada a mayar da shi ya sake daskarewa a ba wani, balle a sayar. Sanyi kwantar da ƙwayoyin cuta yake yi, ba ya kashe su. A 2015 a Amurka, inda wuta ba ta ƙiftawa, askirim na kamfanin Blue Bell ya ɗauko ƙwayar listeriya, mutum uku suka rasu a jihar Kansas. Tsofaffi da masu juna biyu da masu ciwon suga su irin wannan cuta ta fi kayarwa. Ku yi kaɗan, wanda zai ƙare a kwana biyu ko uku. Masu sayarwa kuma ku rubuta ranar da kuka yi, da sunan abin zaƙin da kuka sa, da cewa akwai ƙwai da kwakwa, ku bar mai saye ya yi wa kansa hukunci.

Yanzu lissafi. Wannan haɗin zai ba ku ƙananan kofuna shida, kowanne da wajen gram 5 zuwa 7 na suga da sitacin da jiki ke narkarwa. Irin wannan kofin na askirim ɗin shago yakan ɗauki gram 15 zuwa 20. An samu ragi babba. Amma abin da aka rage a suga an ƙara shi a mai, gram ɗaya na mai kuwa kalori 9 ne, na suga 4, kuma man kwakwa yana cikin irin wanda likitocin zuciya ke cewa a yi hattara da shi. Kofi ɗaya ne rabon Baba, bayan ya ci abinci, ranar Juma'a ko ranar suna ko Sallah. Ba abin kullum ba ne. In akwai na'urar gwaji a gida, ku gwada shi kafin ya sha da kuma bayan awa biyu. Likitoci da yawa suna so kada ya haura 180 bayan cin abinci, amma likitansa shi ke da ta cewa, kuma littafin gwajin nan ya fi duk abin da na rubuta sanin jikin Baba.

Akwai ranar da wannan askirim ba shi da amfani ko kaɗan, kuma ina so kowane yaro a gidan ya san ta. Mai yin allurar insulin ko shan irin su Daonil, in ya rage abinci ko ya yi azumi, sugansa yana iya faɗuwa ƙasa da 70. Za ku ga jikinsa na rawa, gumi na keto masa, jiri na ɗibarsa, magana ta fara harɗewa. A wannan lokacin suga na gaske yake bukata, ƙaramin cokali uku ko huɗu a ruwa, ko rabin kofin lemo, ko zumar nan da na hana ku ɗazu, a sake gwadawa bayan minti 15. Wanda ya ruga firiza ya ɗauko na Baba marar suga ya ɓata lokacin da ba a da shi. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa. Saboda haka ma kada ku sauya wa mai shan magani tsarin abincinsa gaba ɗaya don wani bidiyo da kuka gani ba tare da likitansa ya sani ba.

Ku kanku kuma, da kuke ganin ciwon na tsofaffi ne, ɗan wanda ke da shi ya fi kowa kusa da shi. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙara wa abinci, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya wuce wajen gram 50 a yini ga baligi, wato ƙaramin cokali 12, in an tsaya a gram 25 ya fi. Robar lemo ɗaya mai 50cl takan cinye wannan kason duka. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita a 2022, amma ba naira 10 ce za ta hana mai ƙishi a Afrilu ba. In kun haɗa wa Baba, ku zauna ku sha irin nasa tare da shi maimakon ku buɗe wani daban a gabansa. Kowane karo ku rage abin zaƙin kaɗan. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, a nan ne za ku fara jin ɗanɗanon kokon kansa.

Wanda ya kwana a firiza zai yi tauri ko me kuka sa masa, saboda man kwakwa da kansa yana daskarewa da zarar sanyi ya yi ƙasa da digiri 24. Ku ciro shi minti 10 kafin a sha, da zafin Bauchi ma biyar ta isa. Farin ƙwan nan huɗu da ya rage a soya wa Baba da safe da albasa da alayyahu. Dusar kwakwar kuma a baza ta a kasko a wuta kaɗan, ana juyawa har ta yi ja, a barbaɗa a saman kofunan.